Allurar Taba

Ƙarfe uku na dare muke tashi,
ni da Sabriye, da 'yar fitila,
mu tsinki ganye tun raɓa na kwance,
don taba ba ta son rana ta riga ka gona.
Shekara arba'in da ɗaya a gangaren Rodopi.
Ƙirga su da kanka, ni na gaji.

Allurata ta kai kamu guda.
Ganye bisa ganye, a soke ta jijiya,
a zuge a igiya, a rataye a rumfa.
Danƙo ya rine mana yatsu,
baƙi mai ɗaci, har sabulu ya sallama.
Burodin da na gutsura wa 'ya'yana,
da ɗacin suka ci, ba wanda ya tanka.

Sai shekarar da mai saye ya zo a farar mota,
ya murza ganye, ya shinshina, ya taɓe baki,
ya ce daraja ta uku.
Mumun, mijina, ya cire hula,
ya mayar, ya sake cirewa.
Kuɗin ko taki ba su biya ba.

Daga nan ƙauye ya fara yoyo.
Wasu gonakin Sifaniya, wasu mahautar Jamus.
Aka garƙame makaranta da yara huɗu a rajista.
Motar haya ta koma zuwa Talata kaɗai.
Shamuwa ce kawai ke cika alkawarin dawowa,
ta sauka kan turken lantarki,
ta leƙa gidaje, ta ga tsofaffi.
Tari ya ɗauke Mumun a watan da ake dashe.

Raif ya dawo da akwati biyu da ciwon baya.
Ya ce, Inna, riɗi za mu shuka.
Na ce, riɗin da kakarka ke barbaɗa wa burodi?
Ya ce shi.
Ya tono dutsen niƙa a bayan gidan Shukri,
inda kaji suka mai da shi wurin hira.
Gida bakwai suka sa hannu a takarda,
na takwas ya ce sai ya gani a ƙasa.

Shekarar farko muka makara da yanka,
kwanso ya fashe, tururuwa ta yi biki.
Na yi dariya har da hawaye, Raif bai yi ba.
Ta biyu sama ta riƙe ruwanta,
kogin Arda ya nuna haƙarƙari.
Ta uku muka jingina dammuna a rumfar taba,
rumfar nan dai, ba mu canza ko ƙusa ba,
dutse ya juya, tahan ya zubo
mai kauri, mai ɗumi, kalar ƙasar gonarmu.

Yanzu jikata Gulten ke liƙa takarda a kwalba,
tana ciniki da mutanen Plovdiv ta waya,
mutanen da ba su san hanyar garinmu ba.
Sabriye ta kafa amya tara a kan tudu,
ƙudan zuma sun harbe ta, ta ce gara su da bashi.
Shukri har gobe taba yake dasawa,
ya ce tsohon doki ba ya koyon sabuwar hanya.
Ba na musu da shi. Ina kai masa kwalba.

Ba a buɗe makaranta ba tukuna.
Amma jiya na ƙirga tagogi masu haske,
sha ɗaya, bara bakwai ne.

Allurar tana nan.
Da ita nake ɗinke bakin buhu,
ta yi tsawo da aikin, tana sukar cinyata.
Ɗan Gulten ya kama yatsana ya lasa,
na jira ya yamutsa fuska.
Ya sake miƙo baki.