Idona Biyu a Ƙofar Marusa

Shekara sha tara ina sayar wa mutane da rashin barci,
kofi-kofi, da madara ko baƙi,
direbobin Jibiya, masu gadi, ɗaliban da jarrabawa ta tasa gaba.
Yau tebur a kife, benci ya hau kan benci,
hajar da nake sayarwa ta biyo ni gida kyauta.

An ce dare mahutar bawa.
Wanda ya faɗa bai ga wannan bazarar ba.
Ƙarfe ɗaya, na juya dama.
Ƙarfe biyu, tabarma ta gaji da ni.
Kwano yana amayo zafin da ya sha da rana,
fanka ta tsaya tun magariba
kamar ita ma dokar kulle ta hau kanta.

Sai maƙogwaro ya ɗan yi ƙaiƙayi.
Shi ke nan.
In miƙe a hankali kada Talatuwa ta farka,
in laluba kwalin kayan shayi,
in karya citta, in murje kanumfari a tafin hannu,
in kai hanci.
Sun ce mai cutar ba ya jin ƙamshi.
Na ji. Alhamdu lillahi, na ji.
Ina mayar da haƙarƙari ƙasa
zuciya ta ce: ji ka yi, ko tunawa ka yi?

Da na juyo, idon Talatuwa a buɗe kamar nawa.
Ba ta tanka ba, ban tanka ba.
Tana auna geron da ya rage a gindin buhu,
ina ƙirga bashin Lawandi mai burodi,
kowa da lissafinsa, duhun ɗaya ne.

Ashe ba gidanmu kaɗai ba.
Ta bayan katanga carbin Malam Ɗayyabu, ƙas, ƙas,
tun da aka garƙame masallaci
ƙafarsa ba ta san inda za ta kai shi ba.
Hasken waya a tagar Sagir tela,
Salla na matsowa, ba wanda ya kawo yadi,
sai takunkumin fuska yake ɗinkawa da ƙyallen atamfa.
Tsohuwa Gambo ta yi tari sau uku,
unguwa ta ƙirga tare da ita.
Ta yi shiru.
Shirun ya fi tarin ban tsoro.

Waya in ta yi ƙara bayan isha
kallon kunama a cikin takalmi nake yi mata.
Yayana yana Kano, ga hawan jini, ga shekaru.
Jiya ya ce min garau yake,
na kwana ina tace muryarsa a rariya
ko zan ga abin da ya ɓoye a ƙasa.

Barci ɓarawo ne, in ji mutane.
To ɓarawo, ga ƙyaure na bari a buɗe,
ba kare, ba gora a bayan ƙofa,
shigo ka kwashe ni.
Ko kai ma masu sintiri sun tare ka a Ƙofar Ƙaura,
sun ce juya, ba fita?

Ƙarfe huɗu na haƙura.
Na hura gawayi don sahur,
na ɗora tukunyar da ta saba da mutum hamsin,
ruwan mutum biyu ya ɓace a gindinta.
Na ƙara moɗa ɗaya.
Na ɗora kofi a kan katanga, na ja da baya taku uku.
Hannun Malam Ɗayyabu ya fito daga duhu ya ɗauka.

"Ɗan'asabe, an tashi lafiya?"
"Lafiya lau, Malam. Ya kwanan iyali?"
"Sai godiya."

Na ji ya shaƙi tururin,
ya daɗe yana shaƙa
kafin ya kurɓa.