Ramin da Ba Ya Cikin Takarda

A hanyar da ke hawa zuwa Oruro
kwangilarmu ta tsaya a kilomita goma sha huɗu.
Haka Injiniya Zenobia ta karanta mana,
yatsa kan sharaɗi na tara:
cike rami, yashe kwalbati, farin fenti. Iyakarta ke nan.

Taku uku gaba da alamar
wani rami ya wage baki,
ya ci tayar motar madara ranar Talata.
Na wani kamfani ne
da ba mu taɓa ganin ƙeyarsa ba.

Da yamma kwalta ta rage a baro,
tana huci cikin sanyin tsauni.
Eliseo ya dube ni. Na dubi sama.
Ya tura baron taku uku.

A rahoto na rubuta: ragowar ta zube.