Miyar Albasa

Ruwan Agusta ya tsare ni a Farin Gada,
ƙarƙashin rumfar Kacollom mai kayan miya.
Ta yanka albasa guda don in ga lafiyar cikinta.
Ƙamshin ya taso, ni kuma na tafi,
ban yi sallama ba, ban ɗaga ƙafa ba.

Shekarata ashirin da ɗaya.
Bezanson, hawa na huɗu, ɗaki ɗan tsukut,
akwatin kwano a ƙarƙashin gado,
da kuɗin karatu da ba ya zuwa sai ya ga dama.
Ni 'yar Jos mai taƙamar sanin sanyi,
a can na gane namu wasan yara ne.

Madam Odil, mai gidan, gajeruwa, mai tafiyar agwagwa.
Abin da na fara riƙewa a bakinsu ba gaisuwa ba ce:
"Babu alade a ciki?"
Ta dafe ƙirji, ta rantse da kabarin mijinta,
ta mayar da kwalbar giyarta saman kabad saboda ni.

Daren farko ta dire mini kwano.
Albasa ce zalla,
an soya ta a man shanu har ta yi ja, ta saduda,
burodi a bisa, cuku ya narke yana jan zare
tun daga cokali har haɓa.
Na ce a raina, talauci dai bai yi ba,
miya ba nama, ba daddawa, ba ko tattasai?
Na sha don kunya.
Na ƙara don yunwa.
Na uku kam ba ni da hujja.

Da asuba nakan sauka gidan burodi,
in rungumo dogo kamar sandar makiyayi,
ɓawonsa na ƙara, cikinsa na tururi,
kafin in hau bene na cinye masa kai.
Ran Lahadi fanke mai faɗi,
siriri kamar sinasir ɗin da ya sha azumi.
Akwai wani cuku kuma, Allah ya sani,
ko daddawa ta ji warinsa sai ta ba shi hanya.
Wata shida ina toshe hanci.
Ran da zan taho, shi na ɓoye cikin zanina.

Amma kar in yi ƙarya:
a ɗakin nan na yi kukan gwate,
na rubuta wa Inna shafi biyu a kan tuwon acca kaɗai.
Ina can, bakina na nan.
Yau ina nan, shekara arba'in da ɗoriya,
ga shi ya sake gudu ya bar ni.

"Malama, kwano nawa?" in ji Kacollom.
Ruwa ya tsagaita.

A Rikkos na ɗora tukunya.
Burodinmu sukari ya yi masa yawa,
cukun kanti tsada sai ka ce gwal.
Wasiƙata ta ƙarshe ga Madam
ta dawo ba a buɗe ba, tana cikin akwatin kwano.
Ba wanda zan tambaya ko na rage wutar da wuri.

Jikata Suwaiba ta leƙa kwano, ta dube ni:
"Kaka, ina naman?"
Ban tanka ba.
Ta sha don kunya.
Ina kallon hannunta, ina jira.