Layin Fensir

Ni kafinta ne.
Sau huɗu na shimfiɗa wa Lorna Vandiver daɓen katako
a falo guda,
sau huɗu Misisipi ya shigo mata ba sallama,
ya hau kujera, ya miƙe ƙafa,
ya tafi ya bar laka da warin kifi a cikin fiyano.

Duk gidan da na gyara a garin nan
sai na ja layi da fensir a jikin ginshiƙi,
daidai inda ruwa ya tsaya,
in rubuta shekara,
sannan in rufe da allo, in shafa fenti.
Ba wanda ya sa ni.
Ba wanda ya sani.

Ba zan yi ƙarya ba:
da ambaliya na biya wa ’yata makaranta.
Inshora ta biya, na buga ƙusa,
kogi ya zare, inshora ta sake biya.
Mu uku muka yi ta wannan rawa shekara talatin
kamar ba mu san mai kiɗan ba.

Sai doka ta zo a cikin ambulan.
Wai garin da ruwa ya ci, ya sake ci,
ya zauna ya ƙirga gidajen da suka saba nutsewa,
ya rubuta abin da zai yi kafin baƙon ya dawo.
Ba a fafe gora ranar tafiya.

Muka taru a zauren wasan makaranta,
kan kujerun ƙarfe masu sanyi.
Wata injiniya, yarinya ƙarama mai suna Priscila,
ta manna taswira a bango.
Orval Kessinger ya miƙe da sandarsa:
“Kakana ne ya ɗaga jingar nan da alfadari.
Takarda ba ta taɓa tare ruwa ba.”
Aka yi tafi.
Ni ban tafa ba, ina kallon taswirar.
Ta yi kuskure a layin coci,
ruwa ba ta nan yake bi ba,
ta bayan shagon taya yake zagayowa,
inda kwalbati ya toshe tun ina saurayi.

Washegari na ɗauki ƙarfen ɓamɓara
na ce mata ta biyo ni.
Gida goma sha tara muka buɗe wa ciki.
Layi bisa layi bisa layi,
kamar uwa na auna tsayin ɗanta a ƙyaure,
kuma ɗan bai daina girma ba.
Tana awo tana rubutawa, hannunta na rawa.
Lorna ta tsaya da kofin shayi
tana karanta shekarunta a jikin itace.
“Wannan,” ta ce, “ranar jana’izar Emmett ce.
A kwalekwale muka kai shi.”

Layin da ya fi kowanne tsawo
a ɗakin girkina yake.
Na san haka tun kafin in ɓamɓare.

Yanzu shirin ya kai shafi sittin.
Za a yashe kwalbati.
Gida bakwai za su hau ginshiƙai kamar zalɓe.
Sauran, har da nawa, hukuma za ta saya ta rushe,
a bar wa ciyawa da agwagin daji.
Orval bai sa hannu ba tukuna,
ko gaisuwata ba ya amsawa.

Jiya na cire ginshiƙin ɗakin girkin da kaina,
na ɗora a bayan mota zuwa tudu.
Matata ta ce, me za ka yi da ruɓaɓɓen katako?
Ban ba ta amsa ba.
Fensir yana nan a bayan kunnena,
dusar ƙanƙara ta fara narkewa can arewa,
kuma kogi, na sani, bai iya karatu ba.