Jirgin da ke Shuka Magani

Bayan an haƙe dankali, ganyen daji ya yi ja,
sai ƙaramin jirgin nan ya zo, ƙasa-ƙasa,
yana bin kogin San kamar mai cigiyar akuya.
Ba fasinja a cikinsa, ba wasiƙa.
Loma-loma yake zubarwa,
dunƙulen garin kifi mai ƙarni,
kowace loma da magani a cikinta:
tuwon yanyawa daga sama.

Jagoda ta ja hannun rigata.
"Kaka, ɓarauniyar kajinmu ake ciyarwa?"
Na ce ita fa.
Na ce in gemun maƙwabci ya kama wuta...
Ta ce yanyawa ba ta da gemu.
Na ce tana da yawu, jikata, shi ne wutar.

Sati biyu Kruczek zai yi a ɗaure.
An liƙa takarda a jikin bishiyar bakin hanya:
kowa ya riƙe karensa, kada a taɓa lomar.
Yana kallona kamar na ci amanarsa,
shi da ya sha allurar Wiesława ko gezau,
ta buga hatimi a ɗan littafinsa.
Kyanwa kuwa sai da muka naɗe ta a bargo,
har yau ba ta gaishe ni.

Ina ɗan shekara tara
yanyawa ta shigo tsakar gidanmu da rana tsaka.
Ba gudu, ba laɓe-laɓe.
Ta zauna gindin rijiya
kamar baƙuwar da ta san gida.
Ja ce wur. Na miƙa hannu.

Łatek ne ya shiga tsakaninmu.
Ɗan tsaga kawai ta yi masa a kunne,
uwata ta shafa masa gishiri, muka manta.
Sati uku, muryarsa ta zama ta wani,
ya ga ruwa a kwano ya hau kyarma,
na kira sunansa, ya dube ni bai san ni ba.
Babana ya sauko da bindiga daga bango,
ya ce in tafi ɗebo itace,
alhali itace na jibge har rufin ɗaki.

Na ji ƙarar daga bakin kogi.
Sau ɗaya.

Shi ya sa nake damun Jagoda da magana:
naman dajin da ya daina tsoronki, ki ji tsoronsa.
Jemage a ƙasa ba abin ɗauka ba ne,
ko ya ba ki tausayi.
In haƙori ya taɓa ki, ko farce,
sabulu da ruwa har hannu ya gaji,
sannan asibiti, kafin rana ta faɗi.
Ciwon nan, in ya riga ya buɗe baki,
ba ya jin lallashi, ba ya karɓar kuɗi.

Jiya da dare na fita da tocila.
A ƙarshen gona ido biyu suka yi haske,
na ɗaga ƙafa ɗaya, ta arce,
jela a miƙe, ko waige babu.
Haka nake son ki, 'yar daji.
Ki yi ta gudu na.

Da safe na ƙirga kaji, saura goma sha ɗaya.
Na sake ƙirgawa.
Na ɗora shayi, ban gaya wa kowa ba.