Tarihin Babban Yatsa

Ga shi nan, jikana, duba da kyau:
yatsan da kuza ta cinye wa zane.
Shekara sha tara a ruwan Dilimi,
tasa a hannu, sanyi har ɓargo.

Ran da aka fara neman sa da girma,
soja ne ya ce zai koma bariki.
Muka ja layi a firamaren Gangare,
ni da Ngo Chundung mai dankali,
ita da mayafin ulu, ni da kwat ɗin gwanjo.
Na dangwala wa Tanimu Mai Agogo
don ya ce famfo zai zo ƙofar gida.
Ya tafi majalisa a kan keke,
ya dawo gaisuwa cikin Fijo.
Famfon bai wuce leɓensa ba.

Ba a rufa shekara biyar ba
rediyo ya tashe mu da badujala.
Aka ɗaura wa majalisa kwaɗo,
gizo-gizo ya zama kakaki,
ƙadangaru na gyaɗa kai: ƙuduri ya wuce.

Sai zamanin tsayawa bayan hoto.
Ba akwati, ba labule, ba rufin asiri,
a ƙirga ka tamkar buhun acca.
Surukina na wancan layi,
ya dube ni, na dubi ƙasa.
Wata uku ba mu haɗa kwano ba.
Yatsa ya kwana a aljihu,
ido ne ya sha kunya.

Da farar hula ta sake dawowa,
jam'iyyu kamar shinge bayan ruwan farko.
Na tura Ɗan'asabe majalisar jiha,
na tura Dabou ta tarayya.
Ɗaya ya kwanta da rigar da na sani
ya tashi da ta abokan hamayya;
ɗayan ko tari bai taɓa yi ba
a zauren da ake biyan sa don magana.

Shekarun da gari ya tsage biyu,
bar su, ba na taɓa su da dare.
Kasuwar Tamanus ta zama toka.
Takarda ta zo daga Abuja,
majalisa ta yi wata shida a kulle.
Ngo Chundung ta kwashe ta koma hayi,
sunanta ya bi ta wata rumfa.
Tun daga nan, kafin a buɗe akwatinmu
kowa ya san abin da zai haifa.

Sai ga na'ura mai ido da ƙara.
'Yar bautar ƙasa ta kama hannuna,
ta goge, ta danna, ta sake gogewa.
Na'ura ta ce ba ta san ni ba.
Ni! Da na zaɓi uban ɗan takarar!
Yarinya ta ce, Baba, kawo fuska.
Fuska ta ci inda yatsa ya faɗi.

Wanda muka aika ya hau kujera,
bai ko ɗumama ta ba
alƙalai suka ce ya sauko,
na biyu ya ɗaga hannu ya rantse.
Ashe akwai alƙalamin
da ya fi yatsa dubu tawada.

Makon jiya, a kasuwar Farin Gada,
na ji an ce, Ɗan'azumi, kana nan?
Ga ta, da sanda, kai duk furfura.
Ta ce, to, famfon ya iso?
Na ce yana hanya, ya kwana a Bukur.
Muka yi dariya har da hawaye,
ta cusa min dankali biyar a aljihu.

Kai kuma ka ce ba ka zuwa,
wai an riga an dafa, an kwashe.
Wataƙila.
Amma zanen yatsanka sabo ne fil.
Ara min shi ranar Asabar.