Yadi Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina hawa wannan tsani
zuwa ɗakin katako a saman filin Ostrander,
da fensir biyu, da butar shayi, da littafi mai koren bango.
Aikina ƙidaya.
Yaro ya jefa, in rubuta.
An cafe, in ja layi.
Ta sha ƙasa, in zana ƙwai.

A zauren motsa jiki akwai allo,
farin fentinsa ya soma ɓarewa:
Milo Sedlacek, yadi dubu biyu da ɗari huɗu da shida,
a kaka guda.
Yayana ne.
Hannun da ya yi wannan jifa
injin casar masara ya cinye shi bayan shekara biyu,
sauran jikin ya bi sahu a hankali,
allon kaɗai ya rage yana tsaye da ƙafarsa.

Sai ga Colby Vrana, ɗan shekara sha bakwai,
ƙafafu kamar na zalɓe,
kwalkwali na rawa a kan siririn wuya.
Jifa ɗari biyu da tamanin da ɗaya,
an cafe ɗari da saba'in da tara.
Milo bai taɓa jin ƙamshin wannan ba,
rabin jifarsa ciyawa ce ta ci.
Sau sha huɗu ya miƙa wa abokan gaba ƙwallo,
shi kuwa yaron sau biyar kacal.
Amma Milo ɗan caca ne, in ya ɗaga hannu
sai filin Nebraska ya yi masa kaɗan.
Colby ɗan tireda ne, kwabo-kwabo yake tarawa,
yadi shida, yadi huɗu, yadi takwas,
ina rubutawa, ina jin takunsa a bayan yayana.

Daren ƙarshe, Juma'ar Nuwamba.
Sanyi ya sa bakin kowa hayaƙi.
Saura yadi tara su yi kunnen doki,
saura daƙiƙa ashirin a agogo.
Ya juya hagu, ya wurga wa Ezequiel a gefen layi,
Ezequiel ya sheƙa yadi goma sha ɗaya aka kayar da shi.
Usur. An tashi.

To ga inda gizo ke saƙa:
in ƙwallon gaba ta yi, jifa ce, ta Colby ce,
ya wuce Milo da yadi biyu.
In baya ta karkata ko da faɗin tafi,
gudu ne, na Ezequiel ne,
allo ya kwana yadda yake.
Alƙalin wasa ba ruwansa, ƙwallo ba ta faɗi ba.
Raɓa ta daskare a idon kyamara.
Koci Hruska ya ɗago kai yana duban tagata.
Duk garin nan, ni da fensir.

Na rufe ido na sake kallo.
Na ga gaba.
Na sake, na ga baya.
Na ga Milo yana ɗaure takalmi da hannu ɗaya da haƙori,
yana cewa, Arlene, ki daina kallona haka.

Na rubuta sha ɗaya a layin jifa.

A wajen ajiye motoci yaron ya tare ni,
gashinsa jiƙe, kwalkwali a hammata.
Ya ce, ni kaina ban sani ba ko gaba ta yi.
Na ce, ba aikinka ba ne ka sani.

Ran Litinin mai fenti zai zo da tsaninsa.
Littafin na kan teburin kicin, kusa da gishiri.
Da fensir na rubuta, ba da biro ba.
Abin gogewa na nan a gindinsa, sabo fil,
na juya shi yana kallon bango.